Mabuɗin Ofis A Hannun Wa Yake?

Ya ku 'yan'uwanmu ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, akwai wata magana da muke so mu tayar a wannan fitowa ta mujallarmu, wadda da yawa daga cikinmu suke ɗauka ta masu ilmin kwamfuta ce su kaɗai. Maganar kuwa ita ce, idan jami'a, ko ma'aikata, ko asibiti, ko majalisar ƙaramar hukuma ta tashi zaɓen manhajar da kwamfutocinta za su yi aiki da ita, wacce ya kamata ta ɗauka? Rufaffiya ta kamfani, wadda ake biyan kuɗin lasin kafin a taɓa ta, ko kuwa buɗaɗɗiya, wadda kowa yake da iznin ya leƙa cikinta, ya gyara, ya rarraba?

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan mai karatun tarihi ko mai karatun aikin gona da wannan zance? To, ruwansa na nan. Nan da 'yan shekaru kaɗan mu ne za mu zauna a kwamitocin ba da kwangila, mu ne za a kawo wa fayil a ce mu rubuta shawara, mu ne za mu sa hannu a takardar biyan kuɗi. Kuma abin da ake zubawa cikin waɗannan kwamfutoci ba abin wasa ba ne: sakamakon jarrabawar ɗalibai, da albashin ma'aikata, da lissafin fansho, da takardun filaye, da bayanan marasa lafiya. Duk wanda ya riƙe mabuɗin ɗakin da aka ajiye waɗannan, to ya riƙe ma'aikatar baki ɗaya. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, kafin a tambayi nawa ne kuɗin manhaja, sai a fara tambayar a hannun wa mabuɗin zai zauna.

Mene Ne Bambancinsu?

Kowace manhaja rubutu ce. Mutane ne suke zaunawa su rubuta wa kwamfuta umurni layi bayan layi, cikin wani harshe da mai ilmin abin zai iya karantawa. Daga nan sai a juya wannan rubutu zuwa lambobin da inji kaɗai yake fahimta. Kamfani mai rufaffiyar manhaja yakan ba ka juyayyen, ya riƙe asalin rubutun a wurinsa. Abin da ka biya kuɗi ka samu shi ne izinin amfani bisa sharuɗɗan da ya shimfiɗa. Misalinsa kamar ka sayi mota ne aka liƙe murfin injinta da walda, aka ce idan ta lalace babu makanikin da zai taɓa ta sai na kamfani, a ranar da kamfani ya ga dama, a kan farashin da ya yanka. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa tana zuwa da asalin rubutunta, tare da lasin da ya yarje maka abu huɗu: ka yi amfani da ita yadda kake so, ka nazarci yadda take aiki ka canja ta, ka ba wani kwafinta, ka kuma rarraba gyaran da ka yi mata.

Asalin wannan tafiya ma daga jami'a ya fito. Wajen shekarar 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, wani mai rubuta manhaja, Richard Stallman, ya so ya gyara yadda wata na'urar buga takardu take aiki domin ta riƙa sanar da mutane idan takarda ta maƙale. Ya nemi asalin rubutun manhajarta aka hana shi. Wannan abu ya tsaya masa a rai, har a 1983 ya shelanta aikin GNU, wato gina cikakken tsarin tafiyar da kwamfuta wanda ba mallakar kowa ba. A 1991 kuma wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya saki zuciyar tsarin da aka sani yau da sunan Linux. Mu lura, ɗalibi ne sa'anmu. Yau wayoyin Android da ke aljihunanmu a kan Linux aka gina su, kuma tun 2017 dukkan kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya da shi suke aiki. Don haka wanda ya ce buɗaɗɗiyar manhaja wasan yara ce, labari ya wuce shi. Kamfanin IBM ya biya dala biliyan 34 a 2019 ya sayi Red Hat, kamfanin da sana'arsa ita ce kula da Linux wa manyan ma'aikatu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Darasin Birnin Munik

Babu labarin da ya fi dacewa da mai son fahimtar wannan zaɓi kamar na birnin Munik a ƙasar Jamus, domin a cikinsa akwai nasara, akwai tuntuɓe, akwai kuma kome.

A farkon shekarun 2000 hukumar birnin tana da kwamfutoci kimanin 14,000, galibinsu suna aiki da Windows NT 4.0. Sai kamfanin Microsoft ya sanar zai daina kula da wannan tsari. Wato ba kwamfutocin ne suka lalace ba, ba kuma ma'aikata ne suka koka ba. Wani kamfani ne a wata nahiya ya yanke ranar da birni guda zai kashe kuɗi, ko yana so ko ba ya so. Wannan ne ya farkar da 'yan majalisar birnin. Da labari ya kai ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, shi da kansa ya zo Munik a 2003 ya gana da magajin gari Christian Ude, ya yi tayin rangwame mai yawa. Duk da haka, a watan Mayu na wannan shekara majalisa ta zaɓi Linux. Hujjarta ta farko kuwa ita ce 'yanci daga dogaro ga kamfani ɗaya, maganar kuɗi ta biyo baya.

Aka sa wa aikin suna LiMux. Bai zo da sauƙi ba. Sai 2006 aka fara sauya kwamfutoci sosai, kuma sai Disamban 2013 aka ce an kammala, da kwamfutoci kimanin 14,800. Shekara goma ke nan. Abin da ya ci lokacin ba girka Linux ba ne. Ashe kowane sashe na hukumar ya daɗe yana da nasa fom-fom, da nasa 'yan dabarun lissafi da wani akawu ya ɗinka a cikin Word ko Excel shekaru da suka wuce, da nasa manhajoji na musamman waɗanda ba sa tafiya sai a kan Windows. Dole aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Hukumar ta ce duk da haka ta yi tsimin fiye da yuro miliyan 10.

Sai siyasa ta juya. A 2014 aka yi sabon magajin gari, Dieter Reiter, wanda bai ɓoye cewa ba ya sha'awar tsarin ba. Koke-koken ma'aikata suka fito fili: takardar da aka aiko daga wata hukuma ba ta buɗuwa daidai, wasu manhajoji sun tsufa, gyara yana jinkiri. A 2016 Microsoft ya mai da hedkwatarsa ta Jamus cikin birnin Munik, abin da ya sa masu zargi suka yi ta magana, amma mu ba za mu gina hujjarmu a kan zargi ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne binciken da hukumar ta sa kamfanin Accenture ya yi a wannan shekara, wanda ya nuna cewa babbar matsalar tana ga yadda aka tsara aikin kula da kwamfutoci, domin an rarraba shi tsakanin sassa da yawa, kowa yana jan nasa. Duk da haka a Nuwamban 2017 majalisa ta yanke a koma Windows 10, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kusan yuro miliyan 50. A 2020 kuma aka sake zaɓe, sabon ƙawancen jam'iyyu ya sake cewa za a fifita buɗaɗɗiyar manhaja a duk inda ya yiwu.

To, mene ne darasi a nan? Masu son Linux sukan ba da rabin farko na labarin su yi shiru, masu son Windows sukan ba da rabin ƙarshe. Mu kuwa abin da muka gani shi ne, birni mai arziki, mai ƙwararrun injiniyoyi, ya biya kuɗin ƙaura sau biyu. Ya biya ne saboda shekarun da ya yi yana tara takardunsa cikin tsarin da kamfani ɗaya ya mallaka, kuma saboda bai gyara tsarin aikinsa ba kafin ya sauya kayan aiki. Sannan aikin ya rataya ga ra'ayin mutum ɗaya, da ya sauka sai abin ya fara tangal-tangal. Wanda ya san yadda ayyuka suke mutuwa a ƙasashenmu da zarar an canja gwamna ko babban sakatare, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Yadda Jandarmomin Faransa Suka Yi

Akwai wata hukuma da ta bi hanyar ta isa lafiya, ita ce rundunar jandarmomin Faransa. Su ba su fara da tumɓuke Windows ba. Wajen 2005 suka sauya manhajar rubutu da lissafi zuwa OpenOffice, suka bar sauran yadda yake. A 2006 suka kawo Firefox domin shiga intanet da Thunderbird domin wasiƙu. Sai a 2008, bayan ma'aikata sun saba da waɗannan, suka fara sauya tsarin kwamfutar kansa zuwa wani nau'in Linux da suka gyara daga Ubuntu, suka kira shi GendBuntu. Ranar da jandarma ya zo ya tarar an sauya masa kwamfuta, duk manhajojin da yake aiki da su kullum suna nan yadda ya san su. A haka suka kai fiye da kwamfutoci 70,000. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu biyu suka taimake su. Na farko, suna da nasu ƙwararru a cikin gida, masu albashi, waɗanda ba za su tafi ba idan kwangila ta ƙare. Na biyu, shawara ɗaya ce daga sama har ƙasa, ba kowane sashe da nasa sarki ba. Kuma ba su kaɗai ba ne. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta yanke shawarar sauya kwamfutoci kimanin 30,000 zuwa LibreOffice da Linux, ita ma ta fara da manhajar rubutu kafin ta taɓa tushe. Hujjar da ta bayar ita ce, bai kamata gwamnati ta rasa iko a kan bayanan jama'arta ba.

Araha Ba Ta Ado

Yanzu sai mu juyo ga 'yan'uwanmu masu zafin kai, waɗanda da sun ji an ce manhaja kyauta ce sai su ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Lasin ne kyauta, amma mai girkawa yana cin abinci, mai koyar da ma'aikata yana biyan kuɗin haya, mai gyara cikin dare idan albashi ya maƙale shi ma yana da iyali. Kuɗin lasin kashi ɗaya ne kawai daga cikin abin da ma'aikata take kashewa a kan manhaja tsawon rayuwarta. Hukumar da ta ɗauki buɗaɗɗiyar manhaja domin kada ta kashe ko kwabo, za ta wayi gari da kwamfutocin da babu mai kula da su, daga nan sai a ce ai ga shi nan, abin banza ne.

Dole kuma mu yarda cewa akwai wuraren da rufaffiyar manhaja ta fi. Injiniyan da yake zanen gada ko gini da AutoCAD, yana musayar zane da 'yan kwangila da duk ita suke amfani da ita, ba adalci ba ne a ce ya bari saboda aƙida. Na'urorin asibiti da na ɗakin gwaje-gwaje sukan zo da tasu manhaja wadda babu madadinta. Ko Munik a tsakiyar aikin LiMux ta bar wasu kwamfutoci a kan Windows saboda irin wannan. Sannan akwai sabo. Sakatariyar da ta yi shekara ashirin da Word, idan aka sauya mata ba tare da horo ba, aikin yini ɗaya zai zama na kwana uku, kuma talakan da ya zo karɓar takarda shi zai sha wahalar.

Amma fa akwai bambanci ɗaya da ba za mu bari a rufe shi ba. Kuɗin lasin fita yake yi daga ƙasa, cikin dala. Kuɗin horo da gyara kuwa yana iya zama a gida, a aljihun wanda ya gama wannan jami'a. Idan ma'aikata za ta kashe miliyan goma ko ta wace hanya, ai ya kamata mu tambaya wace hanya ce za ta bar mana mutanen da suka ƙware.

Maganar Tsaro

A nan ma kowane ɓangare yana da tatsuniyarsa. Masu buɗaɗɗiya sukan ce tun da kowa yana iya duba rubutun, kuskure ba ya ɓuya. To, a watan Afrilu na 2014 aka gano wata ɓaraka da aka kira Heartbleed a cikin OpenSSL, buɗaɗɗiyar manhajar da ɗimbin shafukan intanet suke dogara da ita wajen ɓoye sirri. Shekara biyu ɓarakar tana nan babu wanda ya gani, domin 'yan tsirarun mutane ne suke kula da aikin, gudummawar da suke samu kuwa ba ta wuce dala 2,000 a shekara ba. Iznin dubawa daban, dubawar daban.

Masu rufaffiya kuma sukan ce idan ka biya kamfani ka sayi kwanciyar hankali. A ranar 19 ga Yuli 2024, wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a duniya. Jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya, kuma duk waɗannan masu biyan kuɗi ne. A watan Mayu na 2017 kuma cutar kwamfuta ta WannaCry ta afka wa asibitocin Ingila har aka soke ganin likita kusan 19,000, alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, ba a dai girka shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsaro yana ga wanda yake faci a kan lokaci, yake ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam, yake sanin wa ya shiga wa ya fita. Hukumar da ba ta da mai yin wannan, ko wacce manhaja ta ɗauka tana cikin haɗari.

Mu Dubi Gida

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan za mu faɗi gaskiya, a yawancin ofisoshinmu zaɓin ba tsakanin biyu yake ba, akwai na uku wanda ba a rubuta shi a fayil, wato kwafin sata. Wanene a cikinmu bai taɓa ganin kwamfutar ofis da rubutu a gefen allo yana cewa ba a halatta wannan Windows ba? Wani yaro ne aka kira daga kasuwa ya girka, aka ba shi na abinci. Irin wannan kwafi sau da yawa yakan zo da ɓoyayyun cututtuka, kuma ana tsoron sabunta shi kada ya rufe. Ga shi hukuma mai kama ɓarayi ita ce take aiki da kayan sata. Wannan ya fi kowane zaɓi muni, domin ba mu biya mun sami kulawar kamfani ba, ba mu kuma koyi abin da za mu tsaya da ƙafarmu ba.

Waɗanda suke biya kuwa, su ma sun ji a jikinsu. Yawancin manyan kamfanoni sun bar sayarwa sau ɗaya sun koma haya ta wata-wata ko ta shekara. A watan Yuni na 2023, kafin a saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ɗaya tana wajen naira 460 a hukumance. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ma'aikatar da ta yi kasafin lasin da tsohon farashi ta wayi gari ana bin ta ninki uku, ba tare da an ƙara mata ko kwamfuta ɗaya ba. Ranar da ta kasa biya kuwa, ƙofa za ta rufe, takardunta suna ciki.

Haka nan ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta. Windows 11 kuma yana buƙatar wasu sassa da tsofaffin kwamfutoci ba su da su. Da yawa daga cikin kwamfutocin makarantunmu da sakatariyoyinmu na hannu ne, an yi amfani da su a Turai kafin su iso mana. Lafiyarsu ƙalau, suna iya ɗaukar Linux su yi shekaru suna aiki. Abin da ya sami Munik shekara ashirin da suka wuce shi ne ya same mu, sai dai mu ba mu da aljihun Munik.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. A watan Oktoba na 2019 kamfanin Adobe ya sanar da dukkan masu amfani da manhajarsa a ƙasar Benezuwela cewa zai rufe musu asusu, saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta sa wa ƙasar. Daga baya ya sami izni ya janye, amma darasin ya riga ya fito: mai zanen littafi a birnin Karakas, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, aikinsa ya rataya ga rigimar gwamnatoci biyu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada kuma a ɗauka cewa ɗan kwangilar gida ya fi sauƙi. Wasu daga cikinmu sun yi aikin koyon sana'a a wata ma'aikata da ba za mu ambaci sunanta ba. An ba wani kamfani kwangilar rubuta manhajar ajiye bayanan ma'aikata, aka biya shi, aka yi bikin buɗewa. Babu wanda ya rubuta a yarjejeniya cewa zai miƙa asalin rubutun. Da aka sami saɓani kan kuɗin gyara sai ya ɗauke ƙafa. Muna gani da idonmu aka dawo da manyan rajistoci na takarda, akawu yana kwafe sunaye daga allo da biro. Kuɗin jama'a aka biya, amma jama'a ba su mallaki abin da aka saya ba.

Ba kuwa cewa buɗaɗɗiyar manhaja baƙuwa ce a wurinmu ba. Tsarin DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe take jagorantar gina shi, da shi ake tattara alƙaluman kiwon lafiya a Nijeriya da ƙasashen Afirka da dama. Koha, wadda aka fara rubuta wa wani ɗakin karatu a New Zealand, da Moodle, wadda wani malami ɗan Ostireliya ya fitar a 2002, jami'o'i da yawa a nahiyarmu suna aiki da su. Mu Hausawa ma muna da namu darasi na musamman. Kafin tsarin haruffa na bai ɗaya, wato Unicode, ya yaɗu, kowace maɗaba'a da irin dabarar da take yi wa ɓ da ɗ da ƙ. Ka kai rubutunka wata kwamfuta sai ka ga haruffa masu lanƙwasa sun rikiɗe sun zama wasu alamomi. Abin da ya ceci rubutunmu shi ne ƙa'ida buɗaɗɗiya wadda kowane kamfani yake bi, babu wanda ya mallake ta.

Shawararmu

Daga duk abin da ya gabata, ga abin da muke kira a yi.

Na farko, a fara da tsarin ajiye takardu kafin a yi gardamar manhaja. Akwai tsarin ODF, wanda hukumar ƙa'idoji ta duniya ta amince da shi a 2006, kuma gwamnatin Birtaniya ta ɗauke shi a 2014 domin takardun da ake aiki a kansu tare. Takardar fili ko ta fansho tana buƙatar a iya buɗe ta bayan shekara hamsin, lokacin da wataƙila kamfanin da ya yi manhajar ya zama tarihi.

Na biyu, duk manhajar da aka rubuta da kuɗin jama'a, a sa a yarjejeniya cewa asalin rubutunta da bayanin yadda take aiki mallakar hukuma ne. Abin da jiha ɗaya ta biya aka gina, babu dalilin da zai sa jihar da ke maƙwabtaka da ita ta sake biya daga farko.

Na uku, kafin a shiga kowace yarjejeniya a tambayi ƙofar fita. Idan mun so barinku bayan shekara biyar, ta yaya za mu kwashe bayananmu, cikin wane tsari, a kan nawa? Mai sayarwar da ya yi ta kame-kame a kan wannan tambaya ya riga ya ba da amsa.

Na huɗu, a ayyukan yau da kullum, kamar rubuta wasiƙa da lissafi da ɗakin karatu da koyarwa, a fara duba buɗaɗɗiya. Wanda yake son rufaffiya ya kawo hujjarsa a rubuce. Idan hujjar ta tsaya, a saya da halattaccen lasin, a daina sata.

Na biyar, abin da aka yi tsimi daga lasin kada ya bi iska. A zuba shi a horon ma'aikata da ɗaukar ƙwararru na dindindin, a kuma bi abin sannu a hankali kamar yadda jandarmomin Faransa suka yi.

Daga ƙarshe, mu juyo ga kanmu. Da yawa daga cikinmu muna gama karatu da takardar shaidar cewa mun iya kwamfuta, alhali abin da muka iya shi ne inda maɓallan kamfani ɗaya suke. Ranar da aka sauya wurin maɓalli sai ilmin ya ƙare. Ga rubutun manhajojin da suke tafiyar da duniya a shimfiɗe, babu mai hana mu karantawa, babu mai hana mu fassara su zuwa Hausa, babu mai hana mu gyara. Idan hukumomi suka ɗauki shawararmu gobe suka ce ina masu kula da abin, wa zai miƙe? Idan babu kowa, to babban sakataren da ya sa hannu a kan lasin dala bai yi laifi ba, mu ne muka bar shi ba shi da zaɓi. Muna roƙon ƙungiyarmu ta nemi hukumar jami'a ta ware ko da kwamfutoci goma ne daga cikin tsofaffin da aka jingine a sito, a girka musu Linux, a bar ɗalibai su kwance su ɗaura har hannunsu ya faɗa. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma ofishin da mabuɗinsa yake aljihun wani, mai shi ɗan haya ne ko da sunansa ne a jikin ƙofa.